Garkar Ari a Wutsiyar Ruwa

Saƙon ya iske Malam Illiassou ne ta bakin matarsa Haoua, yana zaune a kan tabarma da kwanon kunun safe a gabansa. Ta ce jiya da la'asar ta shiga gaida Kubura, matar marigayi Ari, wadda ke cikin takaba, ta tarar da ita tana ɗinke tsofaffin buhuna da basilla. Kubura ta riga ta yi magana da matan da ke tsinkar tattasai, ta kuma aro tabarmin shanya daga maƙwabta. Abin da ya rage mata shi ne wani ya gaya mata ko tsinkar fari ta isa, tun da ita ba ta da halin fita, kuma ba ta son ta aiki ƙanin mijinta, kada a ga kamar ana bin sawun aikin mutane.

"Aikin waɗanne mutane?" in ji Illiassou.

Haoua ta dube shi tana jiran ya yi dariya. Da ta ga bai yi ba, sai ta ce, "Naka mana, Malam. Wa ke sama da Ari in ba kai ba?"

Ya ajiye ludayin a hankali. Ya sa takalmansa ya fita, ya manta da hularsa a kan tabarma.

Garaken ƙungiyarsu suna jere ne a gefen Komadugu, gabas da Difa, hanyar ruwa guda ta ratsa su daga famfo har ƙasa. Garkar Illiassou ce ta kusa da ƙarshe, ta Ari kuwa ita ce a wutsiya. Wannan garkar ita kaɗai Ari ya bari. Kwalekwalensa da komarsa sun salwanta tun shekarun da aka kori mutane daga bakin tafki, shanu kuwa bai taɓa tara su ba. Ranar sadakar bakwai, dangin Kubura na Geskeru sun kawo shawarar a raba ƴaƴan uku tsakanin gidaje, ta ƙi. Ta ce tattasan da ubansu ya dasa da hannunsa zai riƙe su shekara, kafin nan Allah zai kawo wata dabara. Illiassou yana wurin, ya ji da kunnensa, har ya gyaɗa kai.

Shi ba ɗan kwarin ba ne. Aikin gwamnati ya kawo shi daga yamma yana saurayi, ya yi aure a nan, ya tsufa a nan, da ya bar aiki ya sayi garka. Ari ne ya koya masa noman tattasai, shi ne kuma ya koya masa abin da ba a faɗa. A lokacin tsohon injin famfo mai shan man gazuwal, kowa yana hallara bayan asuba, a tayar da inji, ruwa ya bi garka bayan garka, mutane na biye da shi da hauya a kafaɗa suna hira har wutsiya. In mutum ya kwanta ciwo ko ya rasu, wanda ke sama da shi ba ya tsayawa a iyakarsa: yana gama nasa sai ya sare bakin hanyar maƙwabcin, ya shayar masa fangali bayan fangali, ya toshe, ya tafi. Ba ya gaya wa iyalin, su ma ba sa tambaya, ba sa godiya, ba sa kuma taka garkar sai ranar tsinka, domin leƙawa tamkar tuhuma ce. Shekarar da aka kwantar da Illiassou a asibitin Damagaram, ya dawo ya tarar da garkarsa kore shar. Da ya fara neman wanda zai gode wa, Ari ya ja shi gefe ya ce masa a nan ba a yin haka, man injin na kowa ne, ruwan kuma ba a rubuta sunan kowa a kansa ba.

Daga baya kamfanin hasken rana ya zo da famfon kuran, wato lantarki, da mita. Illiassou, wanda ƴan ƙungiya ke kira Parzidan tun da shi suka zaɓa shugaba, shi ya fi kowa tsayawa a kan a karɓa, kuma ba a kan ƙarya ya tsaya ba. An huta da neman takardar izinin sayen mai, an huta da rigimar wanda bai kawo rabonsa ba, ruwan da a dā ke malala a banza ya tsaya. Aka ba kowa katinsa: ka zura a akwatin mitar, famfo ya tashi, lambobi su fara sauka, ka zare, ruwa ya ɗauke. Da tsakar rana, lokacin da farantan hasken rana ke cike da wuta, farashin yana faɗuwa. Da yamma kuwa, sa'ad da gari ya kunna fitilu da injinan niƙa, mitar takan rage ƙarfin famfo har ya koma kamar mai tari. Saboda kada kowa ya taru a lokaci guda, kamfanin ya raba yinin gida-gida, yana aika wa kowa lokacinsa a waya. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa ban-ruwa da rana tsaka ba suka koyi yi, suna gunaguni suna yi. Taron asuba ya watse ba tare da wani ya ce a watse ba.

Abin da Illiassou bai lura da shi ba sai yau, yana tafe, shi ne yadda mitar ta juya fuskar kowa. Akwatin yana can sama, wurin famfo. Mutum na ganin ruwa ya kai fangalinsa na ƙarshe, sai ya jefar da hauya ya ruga sama ya zare kati, domin kowane taku da ya yi jinkiri lamba ce ke sauka. Shi kansa ya ƙware a wannan gudun, har yakan zare kafin ruwan ya kai, ya bar wanda ke cikin hanya ya ƙarasa, yana kuma koya wa wasu dabarar da alfahari. Tsakaninsa da Ari akwai tudun buhunan yashi da aka tayar bayan ambaliya, ya fi tsayin mutum, hanyar ruwa ta bi ta ƙarƙashinsa a cikin bututu. Tun da damina ta ɗauke, bai hau tudun nan ba.

Sau ɗaya abin ya faɗo masa a rai, yana tsaye gaban mitar jim kaɗan bayan rasuwar. Ya ce da kansa ai yanzu ruwa ya sami suna, Ari yana da katinsa, katin kuwa gado ne, yana hannun ƙaninsa Moustapha. Tambayar mutum ko yana shayar da garkar wansa kuma cin fuska ne. Ya san sarai cewa mita ba ta san inda ruwa ke zuwa ba, kowane kati zai shayar da duk inda hauya ta buɗe. Amma lambobin na sauka a gabansa, tunanin ya zo masa da sauƙi, ya karɓe shi, ya zare katinsa.

Ya wuce garkarsa bai dube ta ba. Tattasan nasa ya yi duhu don kore, ƴaƴan sun fara juyawa ja, rassan na sunkuyawa. Ya dafa buhunan yashi ya hau da gwiwa da hannu, ya miƙe a bisa.

Da farko ya ɗauka ya ɓata hanya, wata saura ce da aka bari. Babu kore ko na ganye ɗaya. Itatuwan tattasan suna tsaye a layinsu daidai yadda Ari ya dasa su, sai dai sun zama tsinke, ganyen ya murɗe ya zube a gindinsu. Ƙananan ƴaƴan da suka soma fitowa sun yamutse, rana ta ƙone su fari fat, suna reto a jikin reshe. Ƙasar fangalin ta dare, mutum zai iya zura yatsunsa a tsagar. Tururuwa sun yi hanyarsu a tsakiyar magudanar. Can ƙasa kaɗan, bayan shingen ƙaya, Komadugu na tafiya cike maƙil, har wani masunci na wurga birgi daga gaɓar tsallake.

Ya sauko da baya, ya durƙusa a bakin bututun. Toshiyar lakar da ke rufe hanyar Ari tana nan yadda aka bar ta, ta bushe ta yi tauri kamar tubali, a tsakiyarta kuma ga shaidar diddige, inda mai garkar ya danna da ƙafarsa ranar ban-ruwansa na ƙarshe. Illiassou ya daɗe yana kallon wurin. Ya ji bakinsa yana maimaita innalillahi, amma kamar daga wani mutum dabam take fitowa. Ya kai hannu ya kama wani itacen da ke kusa, don ya ga ko da sauran ɗanye a saiwa. Itacen ya taho masa ba tare da ya ja ba.

Da shi a hannu ya hau zuwa rumfar famfo. Lokacin Moustapha ne, yana tsaye gaban akwatin, hannu ɗaya a kan katin, idonsa kafe a kan lambobi kamar mai gadin nono a wuta. Bai juyo ba, takun kawai ya gane.

"Parzidan, yau ai ba ranarka ba ce. Ko kewar amaryar taka ce ta hana ka zama a gida?" Haka suke kiran mitar in suna tsokanarsa.

Illiassou ya miƙa masa itacen. Moustapha ya saci kallonsa, ya ce wane malalaci ne ya kashe tattasai haka ana zaune bakin kogi. Sai ya juyo gaba ɗaya. Ya dubi itacen, ya dubi kan Illiassou da ba hula, ya dubi ƙurar yashin da ke gwiwoyinsa.

"Daga ina ka ciro wannan, Yaya?"

"Daga wutsiya."

Moustapha ya saki katin a cikin mita ya ruga ƙasa. Tun da aka kafa akwatin, ba a taɓa ganin mutum ya juya masa baya yana ci ba. Illiassou ya bi shi a hankali, ruwan Moustapha na cika fangali yana tsallakewa yana bin hanya, babu wanda ya kula.

A kan tudun ya same shi zaune, ya ɗora hannu biyu a ka. Maganar da suka yi a wurin ba ta da tsari. Moustapha ya ce shi ko da wasa bai taɓa zaton akwai abin tambaya ba. Duk ranar da ya hangi Illiassou ya nufi ƙasa da hauya, sai ya kau da kai don kunya, yana sa masa albarka a zuci. Sau da yawa ƙafarsa ta so ta kai shi garkar wansa, ya hana ta, kada a ce ɗan'uwan mamaci ya zo duba aikin dattijo. Illiassou ya ce shi kuma ya ɗauka katin na hannunsa. Moustapha ya ce wane kati, shi bai taɓa ganinsa ba, wa zai shiga ɗakin mai takaba yana tambayar abin da ke aljihun mamaci? Muryarsa ta hau, ya fara cewa da baƙo aka ba amanar kwari, sai ya haɗiye sauran, domin shi ma ya san sau nawa ya zare katinsa ya hau kekensa bai waiwaya ba. Su fiye da goma ne a kan hanyar ruwan nan, kowa ya zo shi kaɗai, ya tafi shi kaɗai.

Da hankalinsa ya ɗan dawo, Moustapha ya kawo shawara. Ya ce kada a gaya mata; su cika buhunanta daga nasu, su ce bana ba ta yi kyau ba, in ta fita takaba sun riga sun share filin. Zuciyar Illiassou ta karkata ga wannan ƙwarai, har ya fara lissafin yadda za a yi. Sai ya tuna matan tsinka da Kubura ta riga ta yi wa magana. Gobe ko jibi za su hau tudun nan da kwandunansu, kafin azahar labarin ya kai kowane gida, ta ji shi a bakin wadda ta zo aron turmi. Ya ce a'a, su je yanzu, kuma shi zai yi magana.

Gidan Ari na bayan tashar mota, katangar zana, ɗaki biyu. Sun tarar da tabarmin shanya a naɗe jingine da bango, buhunan da aka ɗinke an jera su a kan turmi. Babbar ƴar, Aziza, ta shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin uwarta, ta kawo ruwa, ta ja ƙannenta suka koma gindin darbejiya. Asabari na sauke a ƙofar, ba a ganin kome sai gefen farin zane.

Kubura ta gaishe su da murya a sake, ta tambayi Haoua, ta tambayi zafin rana. Ta ce ba ta so a wahalar da Malam da kansa ba, da ya aiko ko da yaro ne. Ta ce marigayi yakan ce layin da ke kusa da kogi shi ke fara ja, ko haka ne bana ma?

Illiassou ya buɗe baki, duk jimlolin da ya shirya a hanya suka gudu. Ya tura itacen ta ƙarƙashin asabarin.

Suka ji ta ɗauka. Suka ji busasshen ganye yana marmashewa a tsakanin yatsu. Moustapha ya fara share fuska da hannun riga.

"Layi nawa ne haka?" ta tambaya.

"Duka, Ya Kubura," in ji Illiassou. "Ba a sa mata ruwa ba tun ranar da shi ya sa. Ni ne sama da shi. Ban buɗe ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Sun ji ta tashi, ta yi motsi a ƙuryar ɗaki inda ake rataye tufafi, ta dawo ta zauna. Wani abu ya zamo ta ƙarƙashin asabarin ya tsaya a gefen tabarmarsu. Katin Ari ne, an ɗaura masa zare don ratayawa a wuya.

Ta ce ana jibi marigayi zai kwanta ciwo, ya sayar da tunkiyar Aziza ya cika shi, ya ce na kaka gaba ɗaya ne, kada ruwa ya yanke wa tattasai yana fure. Ta ce kullum tana ganinsa a aljihun rigar, takan yi tunanin ta aika da shi, sai ta ce a ranta in ta aika kamar ta ce wa Malam ba ta yarda zai yi da nasa ba, ko kuwa tana biyansa. Sai ta bar shi inda yake.

Moustapha ya juya fuskarsa ga zana. Illiassou ya kasa taɓa katin. Ya fara magana da sauri, abin da ba halinsa ba: rabin tattasansa nata ne, ko ma duka, sanyi na tafe, ana iya share filin a dasa albasa, zai tara ƴan ƙungiya, kowa zai kawo buhu. Moustapha ya ce shi ma haka.

Ta bar su suka gama. Sannan ta ce ta gode, Allah ya saka, amma ta san abin da buhun taimako yake, ta ci shi shekara biyu a sansanin gudun hijira kafin Ari ya sami garkar nan, kuma ta san yadda ake kallon ƴaƴan da aka tara wa abinci a bainar jama'a. Albasa kuwa sai bazara za ta shigo, ciki uku ba za su jira bazara ba. Ta gaya wa danginta tattasai zai riƙe yaran, ga shi babu tattasai, ba za ta tsaya yi musu gardama da hannu wofi ba.

"Moustapha, in ka fita ka kira mini wana, Yaya Nazir, a waya," ta ce. "Ka ce masa maganar da ya kawo ranar bakwai, na amince. Ya zo ya ɗauki manyan biyu, ƙaramar ta zauna da ni har in fita."

"Ya Kubura, ki dakata ko zuwa jibi," in ji Illiassou. "Don Allah."

"Na dakata, Malam," ta ce. "Tun ɗaukewar damina nake dakatawa." Sannan ta ƙara da muryar da ba zafi a cikinta, wadda ta fi masa zafin ciwo: "Katin ku ɗauka. Akwai ruwa a ciki, naku na bukata."

Suka tashi. Moustapha ya fita yana laluben wayarsa. Illiassou ya tsaya a tsakar gidan, bai ɗauki katin ba, bai kuma san yadda zai bar shi a ƙasa ba. A gindin darbejiya Aziza na yi wa ƙanwarta Kulsum kitso, ƙaramar na barci a cinyar Kulsum ɗin. Da ta ga zai wuce, ta saki gashin ta taso ta durƙusa yadda aka koya mata, ta ce Baba a sauka lafiya, a gaida Inna Haoua. Sai ta ɗan matso ta rage murya don kada uwarta ta ji, ta tambaye shi ko ranar tsinka zai roƙar musu izini su ma su je, tun da bara Kulsum ba ta iya ba amma bana ta girma.

Ya dube ta, ya dubi Kulsum da rabin kanta a tsefe. Daga bayan zana yana jin muryar Moustapha tana cewa, "Salamu alaikum, Yaya Nazir, ni ne, daga Difa."